Neman Hoto da Magani a Alƙahira da Indiya Ba Tare da An Tatse Ka Ba

Tun da aka sakar wa Naira mara a watan Yunin 2023, lissafin fita waje neman magani ya sauya. Dalar da ake samu a banki ƙasa da Naira 500 ta haura Naira 1,500 a 2024, kuma tikiti da masauki da kuɗin asibiti duk ita suke bi. Amma ciwo ba ruwansa da farashin dala. Har gobe jirgin EgyptAir da ke tashi daga Kano zuwa Alƙahira yana ɗaukar masu ciwon baya da masu ciwon ƙoda da masu neman haihuwa, na Ethiopian kuma yana kwasar masu zuwa Delhi da Mumbai ta Adis Ababa. Sudan da wasu ke zuwa a da saboda sauƙi, yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ya rufe ƙofarta.

Mafi yawan kuɗin da mutanenmu ke asara a irin wannan tafiya ba na'urar ɗaukar hoton cikin jiki ce ke cinye su ba. Suna zurarewa ne a hannun dillali, da wajen maimaita hoton da aka riga aka yi aka baro shi a gida, da kwanakin da ake ɓatawa a ɗakin haya ana jiran abin da ya kamata a ce an shirya tun kafin a tashi. Duk waɗannan kafofi suna tosuwa. Abin da zan faɗa ya shafi wanda zai tashi takanas don magani, ya kuma shafi wanda kasuwanci ko ziyara ta kai shi yake son ya yi amfani da damar.

Mataki na farko: ka ga likitan gida kafin ka ga mai sayar da tikiti

Ka nemi ƙwararren likita wanda ya karanci ɓangaren ciwon naka, ka roƙe shi ya rubuta maka takarda da Turanci. Ta ƙunshi abin da ke damunka da tun lokacin da ya fara, da cutar da yake zargi, da magungunan da ka sha, da ainihin hoto ko aikin da yake so a yi. A rubuta "MRI" kawai, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka da na'urar maganaɗisu, bai wadatar ba. MRI na ina? Na ƙugu ko na wuya? Da allurar rini mai ƙara fito da hoto ko babu? Kowanne da farashinsa. Wanda ya shiga asibitin kuɗi a ƙasar da ba tasa ba ya ce "a duba ni gaba ɗaya", ya miƙa aljihunsa ne a buɗe.

Sannan ka tambaye shi ba kwana-kwana: "Likita, ana yin wannan a nan gida?" Sau da yawa amsar ita ce e. A harabar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano akwai cibiyar gwaje-gwaje da hukumar zuba jari ta gwamnatin Najeriya, NSIA, ta kafa, inda ake hoton MRI da CT. Ga asibitin ƙashi na Dala, ga Shika a Zariya, ga na koyarwa na Sakkwato, ga cibiyar ido ta ƙasa a Kaduna. A Nijar akwai manyan asibitocin Yamai da Maraɗi. Dashen ƙoda ma tun 2002 ake yin sa a asibitin Malam Aminu Kano. In hoto ɗaya tal kake nema, kuɗin tikiti kaɗai ya ninka kuɗinsa a gida. Fita tana da ma'ana idan na'urar ta lalace ko layin ya yi tsawon da ciwon ba zai jira ba, ko ana buƙatar irin hoton PET-CT, da aka fi yi don bin sawun ciwon daji, wanda na'urorinsa ƙalilan ne a yankinmu, ko aiki ne da likitocin gida da kansu suka ce ba su saba yi ba.

Ina so in ja kunne a kan abin da asibitocin kuɗi ke tallatawa da sunan binciken jiki gaba ɗaya. Auna hawan jini da sukari da ƙoda da hanta abu ne mai kyau kuma mai sauƙi. Amma a saka lafiyayyen mutum cikin na'urar CT daga kai har ƙafa don kawai a gani, wannan ba rigakafi ba ne. CT da haske irin na eksire take aiki, kuma illar hasken tana taruwa a jiki. MRI ba ta da wannan haske, amma tana da tata matsalar: mutane da yawa da ba su taɓa ciwon baya ba, in aka ɗauki hoton bayansu za a ga ɗan kumburi a faifan da ke tsakanin ƙasusuwa. Likitan da ba ya tsoron Allah zai iya nuna maka wannan ya ce sai an yi aiki.

Akwai kuma tambaya mai nauyi da iyalai ke gudu. Idan ciwon daji ne da ya riga ya bazu, ko zuciya ko hanta da ta yi nisa, a zauna da likita a tambaye shi: tafiyar nan warkewa za ta kawo, ko sauƙi na ɗan lokaci? Na ga gidajen da suka sayar da gona da fili, aka kai dattijo ya ƙarasa kwanakinsa cikin baƙi, nesa da 'ya'ya da jikoki. Neman magani sunna ne, ba wanda zai hana. Amma a tafi da ido a buɗe.

Mataki na biyu: tattara duk abin da aka taɓa yi maka

Duk hoton da aka taɓa ɗaukarka, ka koma inda aka yi ka nemi a zuba maka shi a faifan CD ko filashi, a tsarin da ake kira DICOM. Wannan ne likitan waje zai buɗe a kwamfuta ya bi shi dalla-dalla. Hoton da ka ɗauka da waya na baƙin fim ɗin da aka ɗaga a taga ba ya amfanar da kowa. Idan an taɓa ɗibar nama a jikinka aka auna, ka nemi ɗakin gwajin ya ba ka ɗan dunƙulen kakin da naman ke ciki da gilasan da aka duba. Asibitocin ciwon daji suna sake dubawa da kansu kafin su fara magani, kuma in ba ka je da su ba sai a sake yanka ka, ka sake biya, ka sake jira.

Ka haɗa da sakamakon gwajin jini na kwanan nan, da takardun sallama na duk kwanciyar da ka yi, da kwalayen magungunan da kake sha. Ka ɗauki hoton kowace takarda ka tura wa kanka da wani ɗan'uwa. Asalin takardun kuma a jakar hannu za su zauna, kada su shiga akwatin da za a auna.

Mataki na uku: wace ƙasa, kuma nawa ne gaba ɗaya

Masar ta fi kusa, tafiyar 'yan sa'o'i ce ba sauyin jirgi, abinci halal ne ko'ina, kuma akwai ɗalibanmu na Azhar da yawa. Ga wanda ke neman hoto da ganin ƙwararre da gwaje-gwaje, ko aikin da ba ya buƙatar dogon zama, ita nake fara ambata. A Alƙahira akwai asibitocin jami'a kamar Kasrul Aini da Ain Shams, akwai na kuɗi kamar Dar Al Fouad da As-Salam International da Cleopatra da Saudi German. A garin Mansura akwai cibiyar ƙoda da mafitsara da ta yi suna a duniya. Masar ta kuma shahara da maganin ciwon hanta nau'in C, domin tana haɗa shi da kanta a kan farashi mai sauƙi. Sai dai a kula, wanda ya fi yawa a wurinmu nau'in B ne, shi kuwa danne shi ake yi da ƙwayoyin da ake samu a gida. Duk wanda ya ce ka zo a warkar maka da shi cikin wata uku, kuɗinka yake so.

Indiya ta fi nisa, amma likitoci da takardu duk da Turanci ne, kuma ta yi ƙarfi a aikin zuciya da ciwon daji da dashe da sauya gwiwa ko ƙugu. Sunayen da aka fi ji su ne Apollo da Fortis da Max da Medanta da Manipal. Waɗanda ba a cika tallatawa ba, alhali sun shahara da sauƙi, su ne irin su Christian Medical College da ke Vellore, da Narayana a Bengaluru, da Tata Memorial na ciwon daji a Mumbai, da Aravind na ido a Madurai. Sauƙinsu yana zuwa da cunkoso da jira, sai ka auna da halin mara lafiyarka.

Ko ina ka zaɓa, kada ka kwatanta kuɗin aiki da kuɗin aiki kawai. Ka ɗauki takarda ka jera tikitin mutum biyu, da biza, da hayar ɗaki na tsawon zaman, da abinci, da mota, da tafinta, da magungunan da za ka taho da su. Ka ƙara wani kaso mai kauri na ko-ta-kwana, domin kwana biyu a ɗakin kulawa ta musamman suna iya rusa duk lissafin. Ɗan jinya ɗaya ya isa, kuma ya zama wanda ya iya karatu da lissafi da haƙuri. Ba tafiyar da za a ɗebi mutum huɗu don kara ba ce.

Mataki na huɗu: ka yi magana da asibiti da kanka

Nan ne ake yin babbar asara. Manyan asibitocin Masar da Indiya kusan duk suna da ofishin baƙi marasa lafiya, da adireshin imel da lambar WhatsApp a shafinsu na intanet. Ka tura takardar likitanka da sakamakonka zuwa asibiti uku ko huɗu, ka nemi kowanne ya ba ka ra'ayin likita da ƙiyasin kuɗi a rubuce a kan takardar asibitin. Yawanci ba a biyan ko sisi a kan wannan. Ka tabbata daga shafin asibitin na ainihi ka ɗauki lambar, domin akwai shafukan dillalai da ke kwaikwayon na asibitoci.

Idan ƙiyasin ya zo, ka bi shi da tambayoyi. Kwana nawa na kwanciya ke ciki? Wane irin ɗaki, na mutum ɗaya ko na tarayya? A Indiya musamman, irin ɗakin da ka zaɓa yana iya ɗaga kuɗin likita da na ɗakin tiyata, ba kuɗin gado kaɗai ba. Ƙarfen da za a saka ko bututun jijiyar zuciya yana ciki, kuma na wane kamfani ne? Jini da magunguna fa? In an samu matsala aka ƙara kwana, nawa ne kowace rana? Wane likita ne zai yi aikin da hannunsa? Ka duba kuma ko asibitin yana da shaidar inganci: JCI ta duniya, NABH a Indiya, GAHAR a Masar. Shaidar ba ta ba da tabbacin warkewa, amma tana nuna akwai masu sa ido.

Dillali kuwa ba ya zuwa da sunan dillali. Yakan zo ne da Hausa mai daɗi a filin jirgi ko a masallacin unguwa: "Alhaji, sannu da hanya. Kada ka damu da komai, ni ba na karɓar ko kwabo a hannunka, don Allah nake yi." Gaskiya ne ba a hannunka yake karɓa ba. La'adarsa tana cikin takardar kuɗin da asibiti zai miƙo maka, shi ya sa kullum asibiti ɗaya ya sani, likita ɗaya ya sani, kuma ransa yakan ɓaci in ka ce za ka ji ta bakin wani. Alamarsa ba ta ɓuya: yana so kuɗin su bi ta hannunsa, yana riƙe fasfo ko takardu, yana shiga tsakaninka da mai karɓar kuɗi.

Ba ina cewa ka tafi ba mai taimako ba ne. Baƙo ko da ido makaho ne, kuma a Alƙahira in ba ka jin Larabcinsu za ka sha wuya a wurin sakatare da direba. Ka nemi ɗalibi mai amana ta hannun wanda ka sani, ku yi ciniki a fili: ga abin da zan ba ka kowace rana, aikinka fassara da rakiya. Ɗalibin ya samu halalinsa, kai kuma ka san wa yake yi wa aiki. Kuɗin asibiti kuwa da hannunka za ka biya a kanta, a ba ka rasit mai sunanka.

Mataki na biyar: biza, kati, kuɗi da magunguna

Indiya tana da bizar magani ta musamman da ake bayarwa a kan takardar gayyata daga asibiti, tare da bizar masu jinya har mutum biyu. Kada ka shiga da bizar yawon buɗe ido in tiyata za ka yi. Masar ma takardar asibiti tana sauƙaƙa nema. Ƙa'idojin suna sauyawa, sai ka tambayi ofishin jakadancin kai tsaye.

Katin rigakafin cutar shawara dole ne a ƙasashen biyu, kuma ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar. Indiya tana iya killace wanda ba shi da shi har kwana 6. Ka je ofishin lafiya na filin jirgi a yi maka allurar ta gaske, kada ka sayi kati a hannun 'yan bakin ƙofa. In mara lafiyar yana da raunin garkuwar jiki, a tambayi likita tukuna, domin ba kowa ake yi wa ita ba.

Ta ɓangaren kuɗi, ka tambayi bankinka hanyar biyan kuɗin asibiti ta takardar neman kuɗin waje da ake kira Form A, a tura kai tsaye zuwa asusun asibitin, ba na wani mutum ba. In tsaba za ka ɗauka, abin da ya haura dala 10,000 sai ka bayyana shi a filin jirgin Najeriya da na Masar, a Indiya kuwa daga dala 5,000 na takardar kuɗi. A Masar ka yi canji a banki ko shagon canji mai lasisi, canjin bayan fage laifi ne a can.

Magungunan da kake sha su tafi cikin kwalinsu tare da takardar likita. Tramadol da dangoginsa kada ka kusance su. A 2017 kotun Masar ta yanke wa wata 'yar Birtaniya ɗaurin shekara 3 saboda an same ta da shi a jaka. Saƙon wani ma kada ka karɓa in ba ka buɗe ka gani ba.

Mataki na shida: yadda ake yin hoto da sauƙi a Alƙahira

Abin da baƙi da yawa ba su sani ba shi ne, Bamasare ba ya zuwa babban asibiti don hoto kawai. Cibiyoyin hoto masu zaman kansu yake zuwa, irin su Cairo Scan da Alfa Scan da Techno Scan da Misr Radiology Center, gwajin jini kuma a Al Borg ko Al Mokhtabar ko Alfa Lab. Suna da rassa a unguwanni da dama, kuma yawanci sun fi babban asibiti sauƙi. Tun da kuɗin Masar ya faɗi a watan Maris na 2024, daga wajen fam 31 zuwa kusan fam 50 a dala ɗaya, mai biya da fam ya fi mai biya da dala samun sauƙi. Wurare da yawa suna da farashin ɗan ƙasa da na baƙo, wasu asibitoci ma da dala suke yi wa baƙo lissafi. Saboda haka tambayarka ta farko a waya ita ce: nawa ne ga baƙo, kuma da wane kuɗi? Ka kira wuri uku kafin ka zaɓa.

Kalmomi kaɗan za su rage maka wahala a kanta. MRI suna ce mata ranin, CT kuma ashi'a maƙɗa'iyya, allurar rini sabga, gwajin jini tahalil, kuɗin ganin likita kashf. Manyan likitoci da yawa malaman jami'a ne da ke da ɗakin duba marasa lafiya na kansu, suna zama da yamma har dare. A manhajar Vezeeta za ka ga sunan likita da fanninsa da unguwarsa da kuɗin kashf kafin ka fita, kamar yadda Practo ke yi a Indiya. Komawa don nuna sakamako, wanda suke kira istishara, yawanci kyauta ne ko da ragi in bai wuce mako ɗaya ko biyu ba. Ka tambayi sakatare wa'adin tun ranar farko. Ranar Juma'a mafi yawan wurare a rufe suke, da azumi kuma lokutan aiki suna juyawa, don haka ka tsara saukarka a farkon mako.

Kafin ka biya kuɗin MRI, ka tambayi ƙarfin na'urar. Mai Tesla 1.5 ta wadatar ga mafi yawan buƙatu. Mai Tesla 3 ta fi tsada, kuma sai in likita ya nema. Akwai buɗaɗɗiyar na'ura don masu ƙiba ko masu tsoron matsatsi, amma sau da yawa hotonta bai kai na rufaffiyar fitowa ba, sai ka ji ra'ayin likitanka kafin ka yarda da ita don arha.

Ranar hoton, za a ba ka takarda ka cike, kuma a nan gaskiya ce ke tsare rai. MRI babban maganaɗisu ne. In akwai na'urar taimaka wa bugun zuciya a jikinka, ko ƙarfen da aka saka a ƙashi, ko harsashi, ko kai mai walda ne da ɓurɓushin ƙarfe ya taɓa shiga idonka, ka faɗa. Za a kai ka wani ɗan ɗaki ka tuɓe ka saka rigarsu, ka ajiye agogo da zobe da waya da katin banki. Laya da guru ma a cire. Hajiya ta cire ɗan kunne da awarwaro da fil ɗin mayafi, ta wanke kwalli in hoton kai ne, ta kuma faɗa in tana da ciki ko tana zato. Mace tana da damar neman mace ta shirya ta. Cikin na'urar akwai ƙara mai ƙarfi kamar ana buga ƙarfe, za a toshe maka kunne a ba ka wani ɗan abu a hannu da za ka matsa in ka ƙosa. Ka kwanta shiru. Motsi kaɗan yana ɓata hoton a sake daga farko.

In da allurar rini za a yi, a CT ko MRI, ana neman gwajin ƙoda na kwanan nan, wanda ake kira kiriyatinin. Ka yi shi tun kafin ranar, kada ka yi asarar wuni. Mai ciwon sukari da ke shan metformin ya faɗa, haka wanda allura ta taɓa tayar masa da borin jini. Hoton PET-CT yana buƙatar ka bar cin abinci na wasu sa'o'i kuma sukarinka ya zama a daidaice, in ba haka ba a ɗaga maka.

Kada ka bar wurin sai da abu uku: rahoton likitan hoto da Turanci, da faifan DICOM, da rasit. Ka duba sunanka a jiki ya dace da na fasfo.

Masauki kuma, in zaman zai wuce mako, ɗaki mai kayan gida a unguwar Madinatu Nasr ko kusa da asibitin ya fi otal sauƙi, kuma za ku dafa abin da mara lafiya zai iya ci. Mota ka kira ta manhaja irin su Uber, ka ga kuɗin kafin ka shiga.

Mataki na bakwai: in an ce sai tiyata

In ba gaggawa ba ce ta rai da mutuwa, kada ka sa hannu a ranar da aka faɗa maka. Ka ɗauki faifanka ka kai wa wani likita a wani asibiti da ba shi da alaƙa da na farko, ka kuma tura wa likitanka na gida. Kuɗin kashf na biyu ba komai ba ne a gaban kuɗin tiyata, balle a gaban tiyatar da ba a buƙata. Aikin ƙashin baya ne na fi jin tsoro a nan, domin masu ciwon baya da yawa gashi da motsa jiki da magani ne ke yi musu, kuma wanda aka yi wa aikin ba ya komawa yadda yake. Takardar amincewa kuwa kada ka sa hannu sai an karanta maka ita a harshen da kake ji.

Bayan an kwanta, ɗan jinya ya riƙa zuwa ofishin kuɗi kowace rana yana karɓar lissafin wucin gadi. Kuskuren da aka kama a ranar ya fi sauƙin gyara a kan wanda aka gano ranar sallama, ana riƙe da jaka jirgi na jira. Maganin da za a ci gaba da sha, ka nemi a rubuta sunansa na asali ba na kamfani ba. A Masar da Indiya farashin magani a buge yake a jikin kwali, kada ka biya sama da shi.

Masu neman dashen ƙoda su sani, dokar Indiya ta 1994 da ta Masar ta 2010 da dokar lafiya ta Najeriya ta 2014 duk sun haramta cinikin sassan jiki. Mai bayarwa daga gida za ka taho da shi, ɗan'uwa na jini ko miji ko mata, da takardun da ke tabbatar da dangantakar, kuma akwai kwamitin da zai tantance ku. Duk wanda ya ce zai samo maka mai bayarwa a can, kurkuku yake nuna maka. Shari'ar Sanata Ike Ekweremadu, wanda aka ɗaure a Landan a 2023 kan kai wani matashi don a cire ƙodarsa, ta isa darasi.

In ciwo ne ya same ka kana kan tafiya

Ɗan kasuwa ko mai Umara da ciwo ya kama a hanya, in ciwon ƙirji ne ko shanyewar ɓarin jiki ko numfashi ya ɗauke, ba lokacin kwatanta farashi ba ne. A Masar lambar motar asibiti 123, a Saudiyya 997. Bizar Umara tana ɗauke da inshorar lafiya ta gaggawa, sai ka nemi takardarta a wurin ejan kafin ku tashi. Inshorar tafiya ta yau da kullum tana biyan ciwon da ya zo ba zato, amma yawanci ba ta biyan wanda ka taho da shi ko maganin da ka shirya zuwa yi. Zazzaɓi kuwa, ka gaya wa likitan daga Najeriya ko Nijar ka fito kuma a gwada maleriya, domin a ƙasar da ba a saba ganinta ba ana iya kwana biyu ana laluben wani abu.

Mataki na ƙarshe: dawowa

Ka sayi tikitin da ake iya sauya ranarsa. Bayan babban aikin ciki ko ƙirji akan jira wajen kwana 10 kafin a hau jirgi, wanda aka saka wa iska a ido kuwa ba ya hawa sam sai likita ya ce iskar ta tafi. Likitan da ya yi aikin ne zai ba ka takardar izinin hawa jirgi. In ana buƙatar keken guragu ko iskar numfashi, a sanar da kamfanin jirgin kwanaki kafin tafiya. Cikin jirgi a riƙa motsa ƙafa ana shan ruwa saboda gudan jini.

Kafin a sallame ka, ka karɓi cikakkiyar takardar sallama da Turanci, da bayanin yadda aka yi aikin, da sunan duk ƙarfe ko na'urar da aka saka da lambarta, da sakamakon naman da aka cire. Ka tambayi likita waɗanne magunguna ne za a sha har abada, ka bincika ko ana samun su a gida, ka sayo na 'yan watanni tare da takardar likita da rasit saboda kwastan. Ka nemi lamba ko imel da likitanka na gida zai iya tuntuɓarsa, ka ji ko za a iya yin bibiyar ta bidiyo maimakon sake sayen tikiti. Gwaje-gwajen da za a riƙa yi, a rubuta maka sunansu da lokutansu, sannan cikin makon da ka sauka ka kai wa likitan da ya rubuta maka takardar farko duk abin da ka taho da shi, domin shi zai cire zare, shi zai daidaita magani, shi kuma za a kira in zazzaɓi ya tashi da tsakar dare.